Yadda Za Ku Shiga Aikin Neman Duniyoyin da Ke Kewaya Wasu Taurari Daga Gida

Tun da na taɓo maganar 'yan sa-kai da ke taya masana sararin samaniya neman duniyoyin da ke kewaya wasu taurari ban da ranarmu, tambayoyi ba su daina zuwa mini ba, musamman daga ɗaliban jami'a da malaman kimiyya na sakandare. Kusan dukkansu abu huɗu suke son sani: ta ina ake farawa, me ake bukata, nawa za a kashe, kuma ko sai mutum ya mallaki na'urar hangen taurari kafin ya shiga. Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce a'a, kuma ina roƙon ku da ku bi matakan nan yadda na jera su, domin yawancin waɗanda na ga sun karaya sun fara ne daga mataki na ƙarshe. Ido ake fara horarwa, sannan a koyi sarrafa hotunan da wasu suka ɗauka, sayen na'ura kuwa shi ne na baya.

Mataki na 1: Kayan aiki da kuɗin da za a kashe

Kuna bukatar kwamfuta, ko da tsohuwa ce, da intanet, da adireshin imel, da asusun Google, da littafi da biro. Dukkan shafukan da zan ambata kyauta ne, saboda haka kuɗin data da na wuta kaɗai za ku kashe. Ayyuka biyu za mu bi: duba zanen hasken taurari a Planet Hunters TESS, da sarrafa hotuna a Exoplanet Watch. Aikin farko ba ya cin data sosai, tunda zane ɗaya ake buɗewa a lokaci guda. Na biyu ne ke ɗan ci, saboda sauke hotuna da sake loda su. Shafukan da Turanci suke, don haka zan riƙa kawo sunayen maɓallan yadda aka rubuta su.

Gargaɗi: wayar hannu ba ta dace da wannan aiki ba. Abin da ake nema ƙaramin canji ne a cikin dubban ɗigo-ɗigo, kuma a ƙaramin allo yakan ɓace, yatsa kuma ba ya sa alama daidai. Wanda ba shi da kwamfuta ya nemi ta makaranta ko ta shagon intanet, ko da sa'a ɗaya ce a mako.

Mataki na 2: Rajista a Zooniverse

Ku shiga shafin Zooniverse, dandalin ayyukan bincike na 'yan sa-kai, ku yi rajista da imel da kalmar sirri, sannan ku nemi aikin da ake kira Planet Hunters TESS, wanda aka buɗe a watan Disamba 2018 ƙarƙashin jagorancin Nora Eisner, a lokacin tana Jami'ar Oxford. Bayanan da za ku duba daga kumbon TESS na hukumar NASA ta Amurka suke zuwa, wanda aka harba a watan Afrilu 2018, kuma yana zuba wa kowace shiyya ta sama ido na kimanin kwana 27 yana auna hasken taurarinta.

Ana iya yin aikin ba tare da rajista ba, amma kada ku yi haka. A wajen rajistar akwai gurbin sunanku na gaskiya, wanda da shi ake gode wa 'yan sa-kai a takardun bincike, kuma da asusunku ne masu aikin ke gane yadda idonku yake ƙara kaifi. Kafin ku taɓa komai, ku karanta gajeren darasin da zai fito da farko, ku kuma buɗe Field Guide da ke gefen allo, inda aka tara misalan abubuwan da za ku ci karo da su.

Mataki na 3: Karanta zanen haske

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ku fi daɗewa. Za a nuna muku zane mai ɗigo-ɗigo: daga hagu zuwa dama kwanaki ne, daga ƙasa zuwa sama kuma ƙarfin hasken tauraron. Ba hoton duniyar za ku gani ba, ba kuma hoton tauraron ba. Idan wata duniya ta gilma tsakaninmu da tauraronta, takan tare ɗan haskensa na wasu sa'o'i, sai ɗigon su lotsa ƙasa, su ɗan zauna, su dawo inda suke. Wannan lotsawa ake nema, kuma ita zan riƙa kira gilmawa.

Domin ku san girman abin: da wani zai hango ranarmu daga nesa lokacin da Mushtari, babbar duniyoyinmu, take gilmawa, da hasken zai ragu da kimanin kashi 1 cikin 100 kacal. Gilmawar duniyarmu kuwa kashi 84 cikin miliyan take ragewa. Saboda haka abu na farko da za ku duba a kowane zane shi ne lambobin da ke gefen hagu, domin lotsawar da ta cika allo tana iya zama ƙanƙanuwa ƙwarai, ko kuwa mai zurfin da ya wuce na kowace duniya.

Gilmawar gaskiya tana da kamanni uku. Gindinta a zagaye yake ko a ɗan shimfiɗe, kamar gindin tukunya ko harafin U. Ɓangarenta na shiga da na fita sun yi kama da juna. Tsawonta kuma sa'o'i ne, yawanci daga ɗaya zuwa goma sha wani abu, ba minti biyar ba, ba kuma kwana huɗu ba. Idan ta maimaita kanta, tazarar da ke tsakani za ta zama iri ɗaya, zurfin ma haka. Amma kada ku raina lotsawa guda ɗaya tilo. Manhajojin da ke tace bayanan TESS sun fi kama abin da ya maimaita kansa, duniyar da ke daɗewa kafin ta kammala zagaye kuwa sau ɗaya za ta iya gilmawa a kwana 27, kuma a nan ne idon mutum ya fi na'ura amfani. Duniya ta farko da wannan aiki ya gano, TOI-813 b, kwana 84 take yi kafin ta zagaye tauraronta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Idan kun ga abin da ya yi kama, ku zuƙo wurin da madubin da ke gefen zanen, ku tabbatar ɗigo da yawa ne suka sauka tare. Daga nan ku danna ku ja linzami a kan lotsawar daga farkonta zuwa ƙarshenta, sai wani ginshiƙi mai launi ya rufe ta. Ku yi wa kowace gilmawa nata ginshiƙin daban, sannan ku latsa Done.

Gargaɗi mafi muhimmanci a wannan jagora: yawancin zanukan ba su da komai, kuma latsa Done ba tare da sa alama ba amsa ce cikakkiya. A makona na farko, ɗokin gano duniya ya sa na riƙa sa alama kan mai uwa da wabi, duk inda ɗigo uku suka sunkuya sai na ja musu ginshiƙi. Abin da ya dawo da ni hanya shi ne, masu aikin sukan cusa gilmawar gwaji, wadda suka ƙirƙira da kwamfuta, a cikin wasu zanukan, kuma da zarar mutum ya gama sai a gaya masa ko ya kama ta. Wata rana na sa alama huɗu a zane ɗaya, sai saƙon ya nuna mini cewa gilmawar gwajin tana can kusa da ƙarshen zanen, a fili ƙarara, inda ban ko duba ba saboda hankalina ya tafi ga tarkace. Tun daga ranar nake bin zane daga hagu zuwa dama sau biyu kafin in taɓa linzami.

Mataki na 4: Abubuwan da ke yaudarar ido

Babban mayaudari shi ne tagwayen taurari masu kewaya juna suna yi wa juna husufi. Lotsawarsu takan yi zurfi sosai, wani lokaci kashi 10 ko 30 cikin 100, takan yi tsini a ƙasa kamar harafin V, kuma sau da yawa mai zurfi da marar zurfi ne ke karɓa-karɓa, saboda tauraron nan ya rufe wancan, daga baya wancan ya rufe wannan. Idan kun ga lotsawa ta ɗaya da ta uku sun yi daidai, ta biyu da ta huɗu kuma sun bambanta da su, to kusan tabbas tagwaye ne. Ku bi abin da darasin shafin ya ce a yi da su, ku kuma ambace su a wajen tattaunawa, domin su ma suna da masu bincikensu. Ta hanyar bin irin waɗannan tagwaye ne wani ɗalibi ɗan shekara 17, Wolf Cukier, da ke koyon aiki a cibiyar Goddard ta NASA a 2019, ya lura da TOI-1338 b, duniyar da ke kewaya taurari biyu a lokaci guda.

Na biyu shi ne halin tauraron kansa. Tauraro mai tabo a fuskarsa, idan yana juyawa, haskensa yakan hau ya sauka a hankali kamar igiyar ruwa, kuma kwarin da ke tsakanin tudu biyu ba gilmawa ba ne. Sai dai gilmawa tana iya zama a kan wannan igiya, a gangarenta ko a ƙololuwarta, don haka ku nemi wurin da layin ya karye farat ɗaya. Wani tauraron kuma yakan yi tartsatsi, hasken ya tashi sama nan take ya sauko a hankali. Duk abin da ya tashi sama ba shi ake nema ba.

Na uku daga kumbon yake. TESS yana zagaye duniyarmu sau ɗaya a kwana 13.7, kuma yakan dakatar da kallo ya aiko da bayanai, shi ya sa za ku riƙa ganin giɓi a tsakiyar zane. A bakin wannan giɓi, da farkon zanen da ƙarshensa, ɗigon sukan watse ko su zube ƙasa saboda hasken wata ko na duniya da ya shiga kyamara. Duk lotsawar da ta manne da giɓi ku yi mata kallon tuhuma.

Mataki na 5: Idan kuna ganin kun samo wani abu

Maimakon Done, ku latsa Done & Talk, wanda zai kai ku wajen tattaunawa a kan wannan tauraro. Ku rubuta abin da kuka gani a taƙaice: rana ta nawa lotsawar take, zurfinta nawa, tsawonta nawa, sau nawa ta fito. Ku kwafe lambar tauraron, wadda ke farawa da TIC, a littafinku. Da wannan lamba za ku iya bincikawa a shafin ExoFOP ku ga ko an riga an san da shi; idan yana da lambar TOI, to an riga an sa shi cikin waɗanda ake zargi.

Kada ku yi shelar cewa kun gano duniya. Mutum 15 ne ke duba kowane zane, a haɗa alamominsu, masu binciken su tace waɗanda suka fi ƙarfi, sannan a nemi manyan na'urori na ƙasa su tabbatar, abin da kan ɗauki watanni ko shekaru. Ƙwayar hoto ɗaya ta kyamarar TESS tana ɗaukar fili mai faɗi a sama, har hasken maƙwabcin tauraro yakan gauraya da na wanda ake kallo, kuma da yawa daga cikin lotsawa masu kyan gani daga baya akan gano na wasu tagwaye ne da ke can bayansa.

Wani lokaci za ku tarar an rubuta cewa bayanai sun ƙare, ana jiran sabuwar shiyya. Ba matsalar kwamfutarku ba ce, kuma lokaci ne mai kyau na wucewa mataki na gaba. Shawarata ita ce kada ku wuce sai kun duba zane ɗari biyu ko uku.

Mataki na 6: Lambar mai lura daga AAVSO

Aiki na biyu, Exoplanet Watch na NASA, ba neman sababbin duniyoyi ake yi a cikinsa ba. Auna lokacin gilmawar waɗanda aka sani ake yi. A ganina ya fi na farko amfani ga ɗalibi, domin a nan mutum zai fitar da zanen haske da hannunsa. Amfaninsa ga masana kuma a fili yake. A ɗauka duniya tana zagaye a kwana 3, kuma an yi kuskuren daƙiƙa 10 kacal wajen auna wannan zagaye. Cikin shekara 5 za ta yi zagaye kusan 600, kuskuren ya taru ya kai kimanin minti 100. Idan babbar na'ura irin James Webb, wadda masana ke layi a kanta, ta juya ta kalli tauraron a lokacin da ba daidai ba, an yi asarar sa'o'i masu tsada. Ma'aunin 'yan sa-kai ne ke gyara wannan agogo.

Ku fara da yin rajista a shafin AAVSO, tsohuwar ƙungiyar masu lura da taurari da aka kafa a Amurka a 1911, ku nemi lambar mai lura. 'Yan haruffa ne, kuma ba sai kun biya kuɗin zama mamba ba. Ku rubuta ta a bangon littafinku, domin da ita ake danganta kowane sakamako da mai shi, kuma ƙa'idar aikin ita ce a sa sunan wanda aka yi amfani da ma'auninsa a takardar binciken.

Mataki na 7: Gwaji da EXOTIC

EXOTIC ita ce manhajar da ke karɓar hotunan dare guda ta mayar da su zanen haske. Ba sai kun girka ta a kwamfutarku ba, tana aiki a Google Colab, wato kwamfutocin Google ne ke yin lissafin, taku tana kallo. A shafin Exoplanet Watch ku buɗe darasin masu farawa, wanda ke amfani da hotunan gilmawar HAT-P-32 b, wata ƙatuwar duniya mai zafi da ke zagaye tauraronta a kwana 2.15. Shafin a jere yake gida-gida, kowane gida da maɓallin kunnawa a gefensa. Ku kunna na farko, ku jira ya gama sarai, sannan na biyu.

Gargaɗi: tsallake gida ko kunna biyu a tare shi ne sababin yawancin jajayen saƙonnin kuskure da ke tsorata masu farawa. Idan abu ya cakuɗe, ku sake farawa daga gida na ɗaya. Haka kuma idan intanet ya yanke na tsawon lokaci, aikin yakan mutu a tsakiya. Ni sau biyu aka ɗauke wuta ina tsakar lissafi, na'urar intanet ɗin ta mutu, na koma farko. Yanzu ba na farawa sai kwamfutar da wayar da nake jona ta da ita sun cika da caji. Sakamakon wannan darasi kuma na koyo ne kawai, kada ku aika shi ko'ina.

Mataki na 8: Aron hotuna da sarrafa su

Bayan darasin, ku cike takardar neman bayanai a shafin aikin, za a ba ku hotunan dare guda na wani tauraro. Daga MicroObservatory suke zuwa, wasu ƙananan na'urori masu faɗin inci 6 da ke sarrafa kansu a jihar Arizona, ƙarƙashin cibiyar nazarin taurari ta Harvard da Smithsonian. Fayilolin nau'in FITS ne, kuma manhajar kallon hoto ta yau da kullum ba ta buɗe su, don haka kada ku ɗauka sun lalace, kada kuma ku mayar da su wani nau'in ko ku canza musu suna. Ku loda su cikin folda ɗaya a Google Drive. Za ku ga wasu 'yan hotuna baƙaƙe ƙirin, waɗanda aka ɗauka da kyamara a rufe domin a cire ɗumin kyamarar daga lissafi; su nasu wurin daban, yadda umarnin ya nuna.

Sai ku buɗe EXOTIC na ainihin aiki, ku nuna masa foldar, ku rubuta sunan duniyar daidai yadda yake a rumbun bayanan duniyoyi na NASA, da ƙaramin harafin b a ƙarshe, ku sa lambarku ta AAVSO. Daga nan za a nuna muku hoton farko, fili baƙi da ɗigon taurari barkatai, a ce ku nuna wanne ne tauraronku. Nan ne aka fi yin kuskure. Za ku gwada hoton da taswirar AAVSO, wadda ke nuna tauraron a tsakiya, amma hoton na'urar yakan zo a juye, ko sama a ƙasa, ko hagu a dama, kuma tauraronku ba lallai ya kasance a tsakiyarsa ba, ba lallai kuma ya fi sauran haske ba. Dabarar da nake bi ita ce in nemi taurari uku masu haske da suka yi siffar da ba ta ɓata, kamar duwatsun murhu masu tazara daban-daban, in zana su a takarda, in riƙa juya takardar har ta dace da taswirar, sannan in ƙirga daga nan zuwa tauraron. Minti goma da za ku ɓata a nan sun fi sa'a guda ta lissafi a kan tauraron da ba shi ba, wanda zai ba ku miƙaƙƙen layi ba lotsawa.

Bayan haka za ku zaɓi taurarin kwatance, waɗanda da su ake gane ko raguwar haske daga tauraron take ko daga gajimare da ƙura, tunda gajimare duka zai dusashe su tare. Ku zaɓi waɗanda haskensu ya yi kusa da na tauraronku, ba su manne da wani ba, ba su kuma kusa da bakin hoto, domin filin yakan ɗan gusa cikin dare har na gefe su fita. Waɗanda taswirar ta sa wa lamba su ne suka fi aminci.

Mataki na 9: Duba sakamako kafin aikawa

Idan lissafi ya ƙare za ku sami zanen haske, da lokacin tsakiyar gilmawa, da girman duniyar idan aka gwada da tauraronta, da fayil na musamman mai sunan AAVSO. Kada ku yi gaggawar aikawa. Ku duba ko akwai ɗigo a shimfiɗe kafin lotsawar da bayanta, ku duba ko layin da manhajar ta zana yana bin ɗigon da gaske, ku kuma gwada girman da kuka samu da wanda ke rumbun NASA. Manhajar za ta zana lotsawa ko da a cikin hotunan daren da hadari ya rufe, domin abin da aka umarce ta ke nan; hukunci naku ne. Idan kuna shakka, ku nuna zanen a zauren aikin da ke manhajar tattaunawa ta Slack, inda masu binciken da tsofaffin hannu ke amsa tambayoyi.

Idan ya yi kyau, ku shiga sashen duniyoyi na rumbun AAVSO, ku cike bayanin wurin da aka ɗauki hotunan da na'urar da ta ɗauka, ku loda fayil ɗin. Wurin Arizona ne, ba garinku ba; sa Kano ko Damagaram a wannan gurbi kuskure ne da ke ɓata lissafi. Kada kuma ku gyara ko lamba ɗaya a cikin fayil ɗin don zanen ya yi kyau.

Mataki na 10: Ga mai son ɗaukar nasa hotunan

Wannan shi ne mataki mai tsada, kuma ba na ba kowa shawarar shiga sai ya kammala zane goma daga hotunan aro. Ana bukatar na'ura mai faɗin aƙalla inci 4, da kyamarar da ke ajiye ɗanyen hoto, da mazauni mai inji da ke bin tauraro yayin da sama ke juyawa. Mazaunin nan ya fi madubin muhimmanci, kuma irin na'urorin da ake sayarwa a matsayin kyautar yara ba su da shi. Ya fi dacewa sashen kimiyyar lissafi ko na fiziks a jami'a, ko ƙungiyar ɗalibai, su haɗa hannu su mallaki guda.

Ku nemo lokacin gilmawa a shafin Transit Finder na kwalejin Swarthmore, inda za ku sa wurin da kuke. Kano tana wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas. Ku zaɓi tauraron da zai kasance sama da digiri 30 daga ƙasa tsawon aikin, ku fara ɗauka sa'a ɗaya kafin gilmawar, ku ci gaba sa'a ɗaya bayanta, kuma kada ku canza tsawon buɗewar kyamara a tsakiya ko ku bar tauraron ya ƙone fari fat. Gargaɗi: lokutan akan ba da su ne da agogon duniya na UTC, agogon Najeriya da Nijar kuwa yana gaba da shi da sa'a ɗaya, kuma dole agogon kwamfutarku ya daidaita da intanet har zuwa daƙiƙa, tunda lokacin ne kayan da za ku miƙa.

Yanayinmu ma sai an yi lissafi da shi. Da damina gajimare ne, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazon hunturu yana dusashe taurari yana zuba ƙura a madubi. Lokacin kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauka, shi ne ya fi, kuma an yi sa'a a wannan lokaci ne HAT-P-32, wanda kuka riga kuka sani daga darasi, yake hawa sama sosai a tsakiyar dare.

Mataki na 11: Ga malamai a aji

Malamin da ke da kwamfuta ɗaya da ɗalibai sittin yana iya yin darasi mai kyau. Ku fara da ɗaki mai duhu, da ƙwan fitila mai zagaye, da 'yan ƙwallayen yumɓu masu girma daban-daban a soke da tsinke. Ku sa manhajar phyphox, wadda kyauta ce, a wayar Android, ku buɗe ma'aunin haskenta, ku jingina wayar tana fuskantar fitilar, sannan ɗalibi ya wuce da ƙwallo a hankali tsakaninsu. Layin zai lotsa a gaban idonsu, kuma babbar ƙwallo za ta fi ƙarama lotsa shi. Ku tabbatar hannun ɗalibin bai shiga gaban fitilar ba, shi ya sa tsinken ya kamata ya yi tsawo.

Daga nan sai lissafi, wanda bai fi ƙarfin ɗan babbar sakandare ba. Zurfin lotsawa daidai yake da faɗin duniyar a raba da faɗin tauraron, a ninka amsar da kanta. Idan haske ya ragu da kashi 1 cikin 100, wato 0.01, lambar da za a ninka da kanta ta ba da haka ita ce 0.1, ke nan faɗin duniyar ɗaya bisa goma ne na tauraronta. Ku ba su 0.0225 su nemo da kansu, amsar 0.15 ce, kusan girman HAT-P-32 b ke nan a gaban tauraronta.

Sai ku buɗe Planet Hunters TESS da asusunku, ku kira ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi shawara ya faɗi dalilinsa kafin a sa alama. Gargaɗi: waɗannan amsoshi cikin binciken gaske suke shiga, don haka linzamin ya zauna a hannunku, kada a bar yara su yi ta latsawa don gasar yawa. Idan wani ya tambaya ko ƙasarmu tana da rabo a wannan sama, ku gaya masa cewa a 2019, lokacin da ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba ƙasashe damar raɗa suna, Najeriya ta sa wa tauraron HD 43197 suna Amadioha, duniyarsa kuma Equiano, sunan marubucin nan na ƙarni na 18, Olaudah Equiano. Ita wannan ba ta hanyar gilmawa aka gano ta ba, ta hanyar rangajin da take sa tauraronta yi ne, don haka kada su neme ta a cikin zanukan. Ku sa kowane rukuni ya rubuta lambar TIC ta duk tauraron da suka yi jayayya a kansa, a koma wajen tattaunawar bayan mako biyu a karanta musu abin da sauran masu dubawa suka ce.